Mura a Jikin Mai Ciwon Daji: Jagora ga Masu Jinya

A gidan da kowa ke da lafiya, ba a tayar da hankali a kan mura. Mutum ya yi kwana uku ko huɗu yana atishawa da jan majina, ya sha shayi mai citta, ya koma harkokinsa. Amma idan a gidan akwai wanda ake yi wa maganin ciwon daji, lissafi ya canza. Murar da jika ya kwaso a makaranta ya warke cikin mako guda, ita ce za ta iya gangarawa huhun kakarsa da ke karɓar kemo, wato ruwan maganin ciwon daji, ta kai ta gadon asibiti da robar oksijin a hanci.

Ƙiyasin cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya nuna sama da mutum 127,000 ne ke kamuwa da wannan ciwo a Najeriya cikin shekara guda. Akasarinsu ba a asibiti suke kwana ba. Majinyaci zai je Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Sakkwato, ko Gombe, ko cibiyar ciwon daji ta Yamai, a sa masa ruwan kemo, ya dawo gida sai bayan mako uku. A waɗannan makonni ukun, babu likita babu nas a kusa. Mata ce, ko miji, ko ɗiya, ko ƙane. Su ne za su fara jin tarin, su ne za su taɓa goshi su ji zafi, kuma shawarar da suka yanke a daren ita ce takan raba tsakanin jinyar kwana biyar da ta wata guda. Don su aka rubuta wannan jagora.

Abin da kemo ke yi wa garkuwar jiki

Kemo yana farautar ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa. Na ciwon daji haka suke, amma na ɓargo ma haka suke, kuma a ɓargo ake ƙera fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta. Iri biyu ne ya kamata mai jinya ya san sunansu. Akwai nutrofil, waɗanda ke cinye bakteriya da fumfuna. Akwai limfosait, waɗanda ke gane bairos su kashe shi, su kuma riƙe kamanninsa don gaba.

Faɗuwarsu tana da lokaci. A yawancin magungunan kemo, nutrofil kan kai ƙasa sosai tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an sa maganin, sannan su fara farfaɗowa a mako na uku. Wato daidai lokacin da amai da tashin zuciya suka lafa, aka fara cewa jiki ya yi sauƙi, aka buɗe ƙofa ga 'yan dubiya, a lokacin ne garkuwar ta fi rauni. Ku ɗauki kalanda ku zagaye ranar kemo, ku ƙirga kwana bakwai, ku ja layi har zuwa na sha huɗu. Wannan makon shi ne na taka-tsantsan.

A takardar gwajin jini, ku nemi layin da aka rubuta ANC, ko ku roƙi nas ta nuna muku adadin nutrofil. Idan ya gaza 1.0, garkuwa ta yi rauni. Idan ya gaza 0.5, wato ƙwaya 500 a wani ma'aunin, ana cikin haɗari sosai.

Ba dukkan masu ciwon daji ne rauninsu ya zo ɗaya ba. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne masu sankarar jini, da limfoma, da mayeloma, domin ciwon nasu a cikin garkuwar kanta ya zauna. Sai waɗanda aka yi wa dashen ɓargo. Sai masu shan prednisolone ko dexamethasone na tsawon lokaci. Sai waɗanda aka yi wa allurar rituximab, wadda ke share ƙwayoyin da ke haɗa garkuwa har tsawon wata shida ko fiye. Mai ciwon daji a huhu, ko wanda aka yi wa gashin ciwon daji a ƙirji, ko tsoho, ko mai ciwon suga, shi ma a sa shi a wannan jeri. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan bangon ya tsage ta ko'ina: fatar cikin baki da maƙogwaro ta sassaɓe, masu gadi sun yi ƙaranci, jiki ya rame.

Ƙwayoyin da ake magana a kansu

Abin da muke haɗawa mu kira mura, ƙwayoyin bairos ne daban-daban. Akwai infuluwenza, mura mai tsanani mai zuwa da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi farat ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 duk shekara. Akwai RSV, wanda aka gano a 1956, ya fi shahara wajen kama jarirai, amma a jikin mai dashen ɓargo ko sankarar jini yana iya zama ajali. Akwai parainfuluwenza, da metanumobairos da aka gano a ƙasar Holan a 2001, da adenobairos, da rainobairos mai haddasa murar yau da kullum, da korona wadda ta shigo Najeriya a watan Fabrairun 2020 kuma har yau ba ta tafi ba.

Da ido ba a bambance su. Yawanci da yoyon hanci da kaikayin maƙogwaro suke farawa. Abin da ya sa suka zama abin tsoro a jikin mai raunin garkuwa abu uku ne. Na farko, suna iya barin hanci da maƙogwaro su sauka huhu su zama nimoniya. Na biyu, suna ɓarke fatar hanyar numfashi, sai bakteriya ko fumfuna su biyo baya su ƙara wani ciwon a kan na farko. Na uku, jiki ba ya iya korarsu da wuri, don haka ƙwayar kan yi makonni tana fita daga hancin majinyaci, wani lokacin har watanni.

A yankinmu a ƙara da ƙyanda da ƙarambau. Su ma bairos ne, ta iska suke yaɗuwa, kuma duka biyun suna iya kama huhun mai karɓar kemo, musamman yaro. Idan aka ji sun shigo gida ko maƙota kuma majinyaci ya haɗu da mai ɗauke da su, a sanar da likita a ranar, ko da babu wata alama. Akwai kariyar da ake bayarwa, amma sai cikin 'yan kwanakin farko take amfani.

Kayan da ya kamata su kasance a ɗaki

Na farko, ma'aunin zafin jiki mai lamba. Bayan hannu ba ma'auni ba ne, kuma bambancin 37.5 da 38.2 ba ya jiyuwa a tafi. A sa shi ƙarƙashin harshe a rufe baki, bayan aƙalla minti 15 da shan abu mai zafi ko mai sanyi. Idan baki ya yi gyambo, a sa a hammata bayan an goge gumi, a kuma tuna cewa hammata kan nuna ƙasa da na baki da kusan rabin digiri. Kada a taɓa sa ma'auni ko wani magani ta dubura ga mai karɓar kemo.

Na biyu, 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin, idan da hali. A ɗumama hannu tukuna, a zaɓi yatsan da babu jan farce ko baƙin lalle a kansa, a jira lambar ta tsaya. Mai lafiya yakan nuna 95 zuwa sama. Amma a san cewa an tabbatar na'urar na iya nuna fiye da gaskiya a kan baƙar fata. Idan lamba ta yi kyau alhali mutum yana haki, a gaskata hakin.

Na uku, takunkumi irin na asibiti, da sabulu, da man goge hannu mai sinadarin alkohol aƙalla kashi 60 cikin 100.

Na huɗu, littafi ɗan ƙarami. A shafin farko a rubuta sunan ciwon, sunayen magungunan kemo, ranar da aka sa na ƙarshe, lambar katin asibiti, da lambar wayar sashen da ke kula da shi. Sauran shafukan na rubuta zafin jiki ne da lokacin da aka auna. Idan gidanku da nisa daga inda ake yin kemon, ku roƙi likita ya rubuto muku 'yar takarda da za ku nuna a babban asibiti mafi kusa, ku kuma san tun yau motar wa za a tasa idan abu ya taso da ƙarfe biyun dare.

Tsarin gida

Bairos ta hanya uku yake zuwa: iskar da aka shaƙa a rufaffen ɗaki, feshin tari da atishawa, da hannun da ya taɓa majina ya taɓa ƙofa ko kofi. Duk tsarin gida toshe waɗannan hanyoyin ne.

A ba majinyaci ɗakin da iska ke ratsawa, kuma a rage masu kwana a ciki. Da hunturu mukan toshe kowace taga mu shigo da kaskon wuta. Wannan haɗari biyu ne a haɗe: rufaffen ɗaki yana tara ƙwayoyin cuta, garwashi kuma yana fitar da iskar guba marar wari mai iya kashe mutum cikin barci. A ƙara bargo da rigar sanyi, a bar kasko a waje, a buɗe taga da hantsi idan ƙura ta lafa. Turaren wuta da maganin sauro na hayaƙi suna tayar da tari. Gidan sauro ya fi. Kafin a yi shara a yayyafa ruwa, kuma majinyaci ya fita sai ƙura ta kwanta. A nisanta shi da akurkin kaji, da buhun hatsin da ya yi fumfuna, da wurin da ake rushe gini. Kazar da ta kwanta ciwo kada ya taɓa ta. Murar tsuntsaye ta ɓulla a jihar Kaduna tun 2006 kuma takan dawo lokaci zuwa lokaci.

Kofinsa, cokalinsa, butarsa, tawul ɗinsa, duk a ware. Moɗar da kowa ke sha da ita a bakin randa ba tasa ba ce a wannan lokacin. A zuba masa abinci a kwanonsa shi kaɗai. Marikin ƙofa, makunnin wuta, waya da rimot a riƙa goge su kullum, domin ƙwayar infuluwenza na iya kwana guda ko fiye a kan ƙarfe ko roba tana da rai.

Wanke hannu kuwa a yi shi da gaske: ruwa mai zuba daga buta ko famfo, sabulu, a cuɗa tafi da baya da tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, aƙalla daƙiƙa 20. Ba a kwano ɗaya da kowa ke tsoma hannu ba. Duk wanda ya shigo daga waje, da mai dawowa daga kasuwa da yaro daga Islamiyya, buta da sabulu ne farkon abin da zai taɓa.

Dubiya

Nan ne abin ya fi wuya, domin dubiya haƙƙi ce, kuma babu mai son a ce ya kori 'yan'uwa. Mun san yadda take: ɗaki ya cika, a miƙa hannu, a zauna bakin gado, a ɗora wa kaka jariri a cinya, wani ya matso ya yi tofi. Kowa da kyakkyawar niyya ya zo. Amma mai infuluwenza yana fara yaɗa ta kwana guda kafin shi kansa ya san ya kamu.

Kada a bar wa majinyaci wannan aikin, kunya ba za ta bar shi ba. A wakilta mutum ɗaya mai faɗa a ji, babban wa ko gwaggo, ya tsaya a zaure ko a tsakar gida ya tarbi baƙi. Magana mai daɗi ta isa: “Sannunku da zuwa, Allah ya ba da lada. Likita ya ce jinin Baba ya yi ƙasa a wannan makon, ko mura ba a so ta kama shi. Ku gaisa daga nan bakin ƙofa, yana jin ku.” Idan mai zuwan babba ce: “Hajiya, ki yi haƙuri, na ji kina ɗan tari. Bari in kira miki ita a waya, in kin warware sai ki shigo ku daɗe.” Da wuya a sami wanda zai ji haushi idan an gaya masa dalili.

Ƙa'idojin kaɗan ne. Mai mura, tari, zazzaɓi ko jan ido ba ya shiga. Ƙananan yara, waɗanda su ne manyan masu ɗauko RSV, su gaida daga nesa. Mutum biyu a lokaci guda, da takunkumi, da wankakken hannu. Zama a inuwar tsakar gida ya fi zama a ɗaki. A ɗaga hannu ko a dafa ƙirji maimakon musabaha. Addu'a tana isa daga inda mutum yake tsaye, ba sai numfashi ya sauka a fuskar mara lafiya ba. Wanda ya dawo daga Hajji ko Umara da tarin nan da alhazai kan dawo da shi, ya dakata sai ya warke tukuna.

Shi ma majinyaci ya haƙura da biki, suna, zaman makoki da kasuwa a makon da jini ke ƙasa. Batun jam'i da Juma'a da azumi, a tambayi malami tare da gaya masa abin da likita ya ce. Rashin lafiya uzuri ne sananne. Ranar zuwa asibiti a sa takunkumi tun daga gida, mai ƙarfi irin N95 in an samu, ya rufe hanci da baki ba ya rataya a haɓa ba. A mota a sauke gilashi. A layin ganin likita a nemi gefen da iska ke kaɗawa.

Rigakafi

Allurar rigakafin infuluwenza da ta korona ba su ɗauke da ƙwaya mai rai, don haka ba sa jawo cutar. Sun fi aiki idan an yi su aƙalla mako biyu kafin a fara kemo, amma ko an fara ana iya yi. Likita ne zai zaɓi ranar. Ta infuluwenza duk shekara ake sabunta ta. An kuma sami rigakafin RSV na manya, wanda aka fara amincewa da shi a Amurka a 2023. Ku tambayi likitanku wanne ake samu kuma a ina.

Rigakafin da ke ɗauke da ƙwaya mai rai da aka raunana, kamar na ƙyanda da na shawara da na infuluwenza da ake fesawa a hanci, ba a yi wa mai karɓar kemo, sai bayan an gama da aƙalla wata uku kuma da izinin likita. Saboda jikinsa ba ya amsa rigakafi yadda ya kamata, kariyarsa ta gaske tana jikin mutanen gida. A duba katin kowane yaro a cike abin da ya rage. Yaron da aka yi wa rigakafin ƙyanda ba zai kawo wa yayansa mai sankarar jini ƙyanda ba.

Idan wani a gida ya kamu

A raba musu ɗaki nan take. Mai murar ya sa takunkumi, ya yi tari a gwiwar hannu ko a takarda ya jefar, ya daina dafa wa majinyaci abinci ko ba shi magani. Idan mai jinyar ce ta kamu kuma babu mai canjinta, ta sa takunkumi duk lokacin da za ta shiga, ta wanke hannu, ta gama abin da ya kawo ta ta fita, kada ta kwana a ɗakin. A kira likita a gaya masa. Idan ana zaton infuluwenza ce, yana iya ba majinyaci maganin kariya, kuma cikin awa 48 na farko ake so. Daga nan a riƙa auna zafin jikinsa safe da yamma har mako guda.

Lokacin kira da lokacin tafiya

Yoyon hanci, atishawa, kaikayin maƙogwaro ko sabon tari, ko babu zazzaɓi, a kira sashen da ke kula da shi a ranar. Kada a ce bari a gani zuwa jibi. Magungunan bairos da ake da su duk a farkon ciwo suke da ƙarfi.

Waɗannan kuwa ba na kira ba ne, na tashi ne a tafi, ko dare ko rana:

Zafin jiki ya kai 38 ko ya wuce, ko sau ɗaya ne.
Zafin jiki ya gaza 36 kuma mutum ba ya jin daɗi.
Rawar ɗari mai kaɗa haƙora, ko da ma'auni bai nuna komai ba.
Haki a zaune, ko kasa ƙarasa magana sai an tsaya an ja numfashi.
Oksijin ya sauka 92 ko ƙasa da haka.
Ciwon ƙirji, ko kaki mai jini.
Leɓe ko harshe ya yi toka-toka ko shuɗi.
Sambatu, ruɗewa, ko barcin da ake tashinsa da ƙyar.
Kasa shan ruwa, ko fitsari ya ɗauke.

Ƙirga numfashi abu ne da kowa zai iya. Ku bari ya natsu, ku kalli ƙirji ko ciki, kowace ɗagawa ɗaya ce, ku ƙirga minti guda cif da agogon waya ba tare da kun gaya masa ba. Babba mai lafiya 12 zuwa 20 yake yi. Idan ya haura 24 a kwance, a tafi. Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, 40 ko fiye ya yi yawa, haka ma idan ƙasan haƙarƙari na lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska.

A kula da masu shan prednisolone ko dexamethasone: waɗannan magunguna suna danne zazzaɓi. Mutum na iya ɗauke da nimoniya ma'auni na nuna 37. Idan kuka ga ya canza, ya yi laushi ba kamar jiya ba, ganinku hujja ne.

Abubuwan da ke cinye lokaci

Babban mai cinye lokaci shi ne cewa maleriya ce. A ƙasarmu duk zazzaɓi da ita ake fara zarginsa, a aika yaro kemis ya karɓo magani, a jira kwana uku. Tana iya kasancewa ita ce, kuma a asibiti za a gwada. Amma mai ƙarancin nutrofil ba shi da kwana ukun jira. Cuta na iya bazuwa a jininsa cikin sa'o'i. Ko gwajin maleriya ya nuna akwai, hakan bai kore wani ciwon a huhu ko a jini ba.

Na biyu shi ne farasitamol kafin a auna. Yana sauke zafi ya bar ciwon. A auna tukuna, a rubuta, a kira. Asfirin, ibuprofen da diclofenac kuwa a guje su sai da izinin likita, domin kemo kan rage ƙwayoyin da ke tsayar da jini, kuma waɗannan suna ƙara haɗarin zubarsa. Saboda wannan dalilin, kada a yarda a yi masa allura a tsoka a kemis.

Na uku shi ne ragowar kafso na kashe bakteriya da ke cikin durowa. Ba ya taɓa bairos, bai isa ya tare bakteriya a jinin mai raunin garkuwa ba, kuma yana ɓata gwajin da za a yi. Shayi mai ɗumi da citta yana sanyaya maƙogwaro, babu laifi. Surace da jiƙe-jiƙe kuwa ba sa hana ciwo sauka huhu, kuma wasu saiwoyin suna karo da kemo a hanta da ƙoda. Duk abin da aka ba shi, a gaya wa likita ba tare da ɓoyewa ba.

A asibiti

Maganar farko a bakin teburin nas ita ce mafi muhimmanci. Kada ku ce kawai “zazzaɓi yake yi,” za a ce ku bi layi. Ku ce: “Sista, mai ciwon daji ne, an sa masa kemo kwana goma da suka wuce, zafin jikinsa 38.4, yana tari.” Ku miƙa littafin. Ƙa'idar da likitocin ciwon daji ke bi a duniya ita ce a fara maganin kashe bakteriya ta jijiya cikin awa guda da isowar irin wannan majinyaci, tun kafin sakamakon gwaji ya fito. Ba don an tabbatar bakteriya ce ba, sai don ba a iya kore ta da ido, kuma jira ya fi haɗari. Idan lokaci na tafiya, ku tunatar cikin ladabi, ku kuma kira likitan da ke ba shi kemo.

Za a ɗebi jini a ƙirga ƙwayoyi, a duba maleriya, a yi shukar jini don neman bakteriya. Za a ɗauki hoton ƙirji, wani lokacin har da sikanin CT, domin hoton farko na iya fita fes alhali ciwo ya fara. Inda akwai kayan aiki, za a sa ɗan tsinke mai auduga a hanci a yi gwajin PCR don gano wane bairos ne. Tarin da ya daɗe kuma za a duba shi don tarin fuka.

Idan infuluwenza ce, maganinta oseltamivir, wanda aka fi sani da Tamiflu. Cikin awa 48 na farko ya fi aiki, amma ga mai raunin garkuwa ana ba da shi ko an wuce haka, kuma likita kan tsawaita shi fiye da kwana biyar da aka saba. Idan korona ce, akwai Paxlovid da ake farawa cikin kwana biyar, da remdesivir ta jijiya. Paxlovid yana hana hanta fitar da wasu magunguna, ciki har da na kemo irin su vincristine, don haka kada a saye shi a sha sai likitan ciwon daji ya duba jerin magungunan. RSV a jikin mai dashen ɓargo akan gwada masa ribavirin. Sauran, kamar parainfuluwenza da metanumobairos, ba su da takamaiman magani. Oksijin ne, da ƙarin ruwa, da tare bakteriya, har jiki ya farfaɗo. Wannan ya sa duk abin da aka faɗa a sama game da tsarin gida da dubiya ba ƙari ba ne, shi ne maganin.

Idan aka ba shi gado, mai jinya ɗaya ya isa, da takunkumi. Ku tuna cewa na gadon kusa ma garkuwarsa a ƙasa take.

Bayan sallama

Likita na iya ɗaga kemo na gaba da mako ɗaya ko biyu har huhu ya washe jini ya hau. Wannan ba koma-baya ba ne, kuma ba dalilin daina zuwa ba ne. A je a ranar da aka sa. A shanye magunguna har ƙarshe. A ci gaba da auna zafin jiki safe da yamma, domin zazzaɓin da ya tafi ya dawo, ko kakin da ya canza launi, alama ce ta bakteriya ta biyo baya. Tunda ƙwayar kan daɗe a jikinsa, ya ci gaba da sa takunkumi a ɗakin kemo, ya kuma nisanci jarirai da masu ciki har likita ya ce ya isa.

'Yan'uwan da aka tsayar a bakin ƙofa kuwa, a ba su aiki, domin zumunci ba a ɗaki kaɗai ake yin sa ba. Wani ya ɗauki nauyin mota da mai. Wata ta karɓi yaran gidan idan mura ta kama su. Wani ya je a gwada jininsa ya zauna cikin shiri, domin masu karɓar kemo kan buƙaci ƙarin jini ba zato. Wata ta koyi auna zafi da ƙirga numfashi, ta riƙa karɓar mai jinya kwana biyu a mako don ta yi barci, domin mai jinyar da ta gaji ita ce ke fara kamuwa. A raba waɗannan ayyukan tun kafin ranar kemo ta gaba, a rubuta sunan kowa da lambarsa a bayan littafin. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.